Basilla Ta Jira

Shekara talatin ina toshe huda.
Guga, salka, kube, bakin jakar fatake,
ba wadda ta zo rumfata a Sundimina tana yoyo
ta koma gida tana yoyo.

Sai ga cikin Hambali.

Zazzaɓi ya fara, muka ce shawara ce,
sati biyu muna jiƙa masa sassaƙe.
Ran da cikin ya sandare kamar allo
muka shimfiɗa shi a bayan akori-kura, sai Birnin Kudu.
Taifot, in ji su, ya huda hanji.
Suka tsaga, suka wanke, suka ɗinke.
Na leƙa ɗinkin, na ce a zuci: mai hannun nan ya iya.

Kwana na shida, kafin assalatu,
zare ya saki.
Wani ruwa kore, mai ɗumi, ya ɓullo gefen cibiya.
Kunun jiya ya fito ta inda ba ƙofa.
Shekararsa sha huɗu.
Ya ja zane ya rufe, don kada ni in ji kunya.

Na tare likita a baranda:
"Ranka ya daɗe, a sake ɗinkewa mana.
Ni baduku ne, na san huda."
Ya ce, "To ka san ƙirgin da ruwa ya cinye.
In ka soka masa basilla fa?"
Na ce, "Yagewa zai yi."
Ya ce, "Haka hanjin ɗanka yake yau.
A buɗe za mu bar shi. Wata uku, wataƙila shida.
Kai dai ciyar da shi."

A buɗe.
Ni da ko bakin takalmi ba na bari ya kwana a buɗe.

Malama Barira, nas ɗin dare, ita ta zama ubangidana.
Ta nuna min yadda ruwan hanji ke cin fata
fiye da yadda toka ke cin gashin akuya a majema.
Shafa farin man nan a kewaye, kada ka taɓa jan.
Yanka bakin leda daidai bakin ramin.
Nan kam ta tsaya kallona:
ba ta taɓa ganin mai jinya ya yanka da'ira haka ba.

Na koyi awo.
Abin da ya fita, a kwalba, a rubuta.
Abin da ya shiga: ƙwai biyu, kunun gyaɗa, ruwan gishiri da sukari
kurɓi-kurɓi, kamar ana ba ɗan tsako.
Leda ɗaya, kuɗin takalmi uku.
Jar akuya ta tafi. 'Yarta ta bi ta.
Mai gadon kusa ya roƙi a matsar da shi saboda wari,
da dare kuma ya aiko mana da lemo.

Uwarsa ba ta iya kallo.
Takan zauna wajen kai, tana ƙirga masa haƙarƙari da ido.

Kwalba biyu. Ɗaya da rabi.
Ran Talata ta koma biyu, na fita bayan ɗaki na yi kukana.
Sai ɗaya. Sai rabi.
Jan nama ya soma tasowa daga gefe, tsaba-tsaba,
kamar cikin kankana,
ba zare, ba basilla, ba hannun kowa.

Yanzu muna gida. An yanke gero.
Ramin ya rage kamar bakin tulun kwalli.
Sun ce bayan Sallah, in sikeli ya yarda,
za su shiga su yanke wurin, su haɗa baki da baki.

Jiya Malam Tasi'u ya kawo guga, yana sauri.
Na murza gefen hudar da yatsa,
na daɗe ina murzawa.
Hambali na kan tabarma yana ɓare ƙwai,
hannu ɗaya dafe da ledarsa.
Na ce, "Malam, bar shi nan. Ba yau ba."